Wushirya Faɗin Kan Ashana

Kagoro, watan Yuni

Ɗiyata Faustina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da aikinki da sanyin Ingila. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ke riga kowa sanin hadari ya taso. Damina ta zauna sosai, dutse ya yi kore shar. Gonar cittar babanki na bar wa Dickson ɗan wansa ya noma, don ƙarfina bai kai ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Da hannu na rubuta, na ɗauki hotonta da waya na turo miki. Na ƙare ƙuruciyata a firamare ina koya wa 'ya'yan mutane rubuta wasiƙa, ga shi ban taɓa rubuta wa tawa ɗiyar ba, abin kunya. Daga yanzu haka za mu riƙa yi. Kiran bidiyon nan ki bar shi tukuna, ba na jin daɗinsa.

Kin tambayi haƙoran da kika sa aka dasa mini a Kaduna bara. Suna nan daram, Ubangiji ya saka miki. Ranar da na faɗo daga babur a hanyar Kafanchan, da kwanon abincin babanki a hannu, na bar haƙoran gaba biyu a kan kwalta, ban zaci zan ƙara cin gasasshiyar masara ba. Yanzu ga su farare tas, manya, a manne da juna. Hellen ta Zumuntar Matan cocinmu har yau in ta gan ni sai ta ce, "Kai Mama Milka, wannan haƙori na Turawa ne fa, ya yi fain." Wushiryata dai ta tafi. Wani lokaci in na duba madubi sai in ji kamar in gai da matar da ke ciki, don ban san ta ba. Dasashin yana ɗan jini idan na yi asuwaki, amma ba wani abu ba ne.

Na bar wa Hellen ba da waƙa a Zumunta. Ita ma ta koya, ba kullum tsohuwa za ta tsaya a gaba ba.

Na ga hoton da kika turo, wanda kika ɗauka a bakin tashar mota. Rigar ta yi miki kyau. Amma me ya sa kika tsuke baki haka? Ke da dariyarki ke tashin kajin maƙwabta. Idan akwai abin da ke damunki ki faɗa mini.

Gidan shiru. Tun da babanki ya tafi nake dafa tuwon mutum biyu, hannuna ya ƙi koyon awon mutum ɗaya.

Ubangiji ya tsare ki.
Mamanki, Milka Azariya

Ingila, watan Yuli

Mama,

Na gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar? Ki riƙa shafa man da na aiko, kada ki ajiye shi a akwati kina jiran baƙi kamar yadda kike yi wa komai. Ni lafiyata ƙalau. Ki gaida Dickson da iyalinsa.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta. Rubutunki bai canja ba, har na ji kamar za ki ɗauko jan biro ki gyara mini amsa. Amma wuri ɗaya ya tsaya mini a rai. Kin ce ba kya jin daɗin kiran bidiyo. Mama, fuskata ce ba kya son gani?

Na san ban zo jana'izar Baba ba. Na yi miki bayanin takardun zamana a ƙasar nan, kin ce kin gane. Amma tun daga lokacin maganarki take raguwa. Da sai cajin wayata ya ƙare kina ba ni labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata. Bana in na kira sai "i" da "a'a" da "to", kin kawar da fuska gefe. Yanzu kuma kin rufe ƙofar gaba ɗaya. Ga waƙa kin bari, ke da ko zazzaɓi bai taɓa hana ki zuwa Zumunta ba. Idan fushi kike da ni ki faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka.

Hoton da kika gani, gajiya ce kawai. Daga aiki na fito.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata mata sa'arki. Kullum ni nake ba ta abinci a baki, in goge mata haƙora, in taje mata kai. 'Ya'yanta suna garin nan, amma sai a yi wata ba su leƙo ba. Da ina jin haushinsu. Yanzu na daina, don wa ya fi ni nisa da uwarsa? In na koma ɗakina ba mai ce mini sannu da zuwa. Maƙwabcina mun shekara ƙofa da ƙofa, ban san sunansa ba. Muryarki ce kaɗai Kagoron da nake da ita a nan, kada ki hana ni.

Na ji daɗi da haƙoran suka yi miki kyau. Ko ba komai na yi abu ɗaya daidai.

Ɗiyarki, Faustina

Kagoro, watan Agusta

Ƙanwata Keziya,

Salama a gare ki da dukan gidanki a Sabon Tasha. Yaya maigida da ciwon sugansa? Ga acca da citta na ba direba ya kawo miki, wannan takarda tana cikin buhun. Ki karanta ke kaɗai.

Keziya, bakina ba lafiya. Ke kika raka ni asibitin nan na Kaduna, kin ga yadda aka ɗaura ƙarfe biyu cikin ƙashi, daga baya aka ɗora haƙoran a kai. To, tun Ista dasashin ya kumbura ya yi jajawur. Yanzu idan na danna da yatsa mugunya ke fitowa. Abinci yana shigewa ƙarƙashin haƙoran, asuwaki ba ya kai wurin, buroshi ma haka, don an haɗe su wuri ɗaya ba inda tsinke zai bi. Na kurkure da ruwan gishiri, na tauna kanumfari har harshena ya mutu. Warin dai yana nan. Ni da kaina ina jin sa a kan matashina da safe.

Shi ya sa na bar waƙa. Ta yaya zan tsaya gaban mata in wangale baki? A coci benci na baya nake zama, kusa da taga, da gefen ɗankwali a baki kamar mai mura. Mutane sun ɗauka makoki ne bai sake ni ba, na bar su a haka.

Faustina ta rubuto tana zaton fushi nake da ita. Yarinyar nan aikin kula da tsofaffi take yi, kallo ɗaya za ta yi wa bakina a waya ta gane. Kin san wahalar da ta sha kafin a yi aikin nan, har hutunta ta sayar. Kuma ita ce ta kira likitan ta ce a toshe wushiryar, wai a gyara mini baki gaba ɗaya. In na ce mata kyautarta ce take cin bakina, ina za ta sa kanta a can ita kaɗai? A gidanmu ba a koya mana raina abin da ɗa ya kawo ba. Ko ƙashi ya ba ka, godiya za ka yi.

Abu ɗaya ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da na dawo da sababbin haƙoran, na shiga ɗakin Azariya a asibiti na yi masa murmushi don ya ji daɗi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Milka, wa ya rufe mini taga?" Kin tuna haka yake kiran wushiryar tun muna saurayi da budurwa. Bai ƙara sati uku ba a duniya.

Kada ki gaya mata. Ki sa ni a addu'a kawai.

Yayarki, Milka

Ingila, watan Satumba

Mama,

Na gaishe ki. Ina fata lafiya ce ta sa shirun nan. Ni ina nan lafiya.

Wata biyu ke nan ba amsa. Na ga alamar kin buɗe wasiƙata, don waya ba ta ɓoye wannan. Na kira Anti Keziya, ta ce kina lafiya, amma ta yi ta kwana-kwana har na gane akwai maganar da aka hana ta faɗa.

To shi ke nan. Idan hukuncina ne na karɓa. Zan ci gaba da rubutowa ko ba ki amsa ba. Abu ɗaya nake roƙo: sujadar godiya ta cikar shekarar Baba a Disamba, ki bari Dickson ya riƙe mini waya in gani. Ba sai kin yi mini magana ba.

Faustina

Kagoro, watan Satumba

Ɗiyata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Jikina lafiya, bakina ne ba lafiya, kuma yau zan gaya miki gaskiya don wasiƙarki ta hana ni cin abinci.

Mama Patricia ta rasu, ƙawata da muka shiga Zumunta rana ɗaya. An yi bisonta ranar Asabar a Fadan Kaje, garin mijinta. Kin san al'adarmu, mata sukan kewaye akwatin gawar suna kaɗa tulu da kacau-kacau su raka 'yar'uwarsu da waƙa. Da ni da ita mun yi alkawari tun da daɗewa, wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta ba da waƙa a kanta. Na laɓe a baya, amma Hellen ta zo ta kama hannuna. Ta ce, "Mama, ke ne za ki fara. Mama Patricia ya faɗa da bakinsa kafin ya mutu, kowa ya ji."

Na fito. Na sauke ɗankwali daga bakina na ɗaga murya. Ban kai ƙarshen layin farko ba matar da ke kusa da ni ta juya kai, ta ɗan ja baya. Ba da mugunta ta yi ba, ba ta ma san ta yi ba. Na yi kamar kuka ne ya ci ƙarfina, na koma na zauna. Hellen ta ƙarasa waƙar. Haka aka rufe Patricia ban cika mata alkawari ba.

Faustina, haƙoran nan ne. Dasashina yana ruɓewa a ƙarƙashinsu, yana jini, yana mugunya, yana wari. Ya ja sama har ana ganin bakin ƙarfen. Wannan ne dalilin kawar da fuskata, da barin waƙa, da hana ki bidiyo. Ban taɓa yin fushi da ke a kan jana'izar babanki ba, ko na minti ɗaya. Shi da kansa ya ce kada a bari ki zo ki rasa aikinki.

Na ɓoye miki ne don ke kika yi mini su, kuma kin rubuta cewa ko ba komai kin yi abu ɗaya daidai. Wannan layin ne ya ɗaure mini hannu wata biyu. Ashe shiruna ya fi maganar yi miki ciwo. Ki yafe wa tsohuwa.

Disamba tana matsowa. Ina so in ba da waƙa a sujadar babanki, don na kasa yi wa Patricia. Yadda bakin nan yake, ban ga hanya ba.

Mamanki

Ingila, watan Satumba

Mama,

Na gaishe ki, kuma na gode wa Allah da kika faɗa. Na yi kuka, amma wannan ba naki ba ne, ki bar ni da shi.

Wannan ba ciwon ruwan gishiri ba ne. Idan dasashi ya yi haka, ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ma yana iya zaizayewa, kuma abin da ya tafi da wuya ya dawo. Na yi magana da Anti Keziya, za ta zo ta kai ki Jos wurin wata likitar haƙori da 'yar cocinsu ta yaba. Kada ki ce sai an gama girbi. Kada ki ce gwiwa. Na san dabarunki duka, Malama.

Faustina

Kagoro, watan Oktoba

Ɗiyata Faustina,

Gaisuwa cikin sunan Mai Cetonmu. Ina fata sanyi bai fara matsa miki ba. Mun je Jos mun dawo lafiya, Keziya ta tsare ni kamar fursuna, ko fitsari sai da izininta.

Likitar sunanta Kubra, Bakanuwa ce, ba ta fi ki shekaru ba sosai. Ta ɗauki hoton ƙashi ta nuna mini. Ƙarfen dama da sauƙi. Na hagu ƙashin da ke wuyansa ya zaizaye, ya yi rami kamar gindin bango da ruwan indararo ya daɗe yana duka. Ta ce da na ƙara watanni sai dai a cire shi.

Na tambaye ta ko ƙarfen ne jabu. Ta ce a'a, ƙarfen ba shi da laifi, kuma an dasa su daidai inda haƙorana na asali suke, da fili a tsakaninsu. Matsalar kawunan haƙoran da aka ɗora a kan ƙarfen ne. Don a rufe filin, sai aka yi su da faɗi, aka kumbura gindinsu ya hau kan dasashi, aka haɗe su. Ta ce haƙorin da Allah ya yi siriri ne a wuya, a hankali yake buɗewa, shi ya sa dasashi ke rungumarsa kuma buroshi ke kai ko'ina. Nawa kuwa kamar an kife tukunya a kan shuka ne, duk abin da ya shiga ƙarƙashi ya zauna ke nan. Har ragowar gam ɗin da aka manna su da shi ta ciro daga cikin naman.

Da na ce mata wushirya ce aka toshe, sai ta ajiye abin hannunta ta ce, "Haba Mama. Wushiryar da 'yan mata ke zuwa suna roƙona in buɗe musu, ke Allah ya ba ki kyauta aka toshe?" Keziya ta yi dariya har da hawaye. Ni ban ce mata ke kika sa ba.

Ta cire kawunan, ta wanke wurin, ta ba ni magani. Yanzu da giɓi nake yawo, amma warin ya tafi, ranar Lahadi har benci ɗaya na matsa gaba. Ta ce in dasashi ya lafa za ta yi sababbi, kowane da ƙafarsa, sirara a wuya, masu noti ba gam ba, da fili a tsakani inda ɗan ƙaramin buroshi zai riƙa wucewa. Wato lafiyar bakin ma wushiryar take so.

Sai ta tambayi faɗinta, don a mayar mini da irin tawa. Nan na tsaya. Mutum yakan san faɗin abin da ke bakinsa? Na kwashe hotunan gidan nan duka, ba ko ɗaya da na buɗe baki, don a zamaninmu ba a dariya a hoto, tsayawa ake kamar soja. Na wayar kuwa sun tafi tare da ita ranar haɗarin.

Amma na tuna ina da kwafi. Duk Kagoro an san bakinki nawa ne, babanki yakan ce tagar ma gado ce. Ki tsaya gaban madubi ki yi dariyar nan taki, ki ɗauka kusa sosai ki turo in kai wa likita. Kin ga da haka sai in ga haƙoranki, na yi kewarsu.

Mamanki, Milka

Kagoro, watan Nuwamba

Faustina,

Salama. Ina lafiya, dasashi yana warkewa, ya koma kalarsa.

Yanzu ke ce kika yi shiru. Ko maganar likita ce ta ɓata miki rai? Ban rubuta don in ɗora miki laifi ba. Ke alheri kika nufa, wanda ya san aikin ne ya kamata ya ce miki ba a yi haka. Likita Kubra tana jira, ta ce in ana so a gama kafin Disamba sai a ba ta awo cikin satin nan. In ba ki turo ba zan ce ta yi yadda ta ga dama, ai ba a kaina aka fara ba. Amma ki rubuto ko layi ɗaya ne. Na ɗanɗana abin da na yi miki, ba daɗi.

Mamanki

Ingila, watan Nuwamba

Mama,

Na gaishe ki. Na ji daɗin labarin dasashin ƙwarai. Ni lafiya lau. Ga hoton na turo, ki duba shi kafin ki ci gaba da karatu.

Kin gani. Babu ita. Ƙarfen da kike gani a kan haƙorana na gyaran jeri ne, ya fi shekara a bakina, ya ja su har sun haɗe. Shi ya sa nake tsuke baki a hoto, in muna bidiyo kuma nake riƙe wayar nesa. Ke kina ɓoye naki, ni ina ɓoye nawa, kowa na zaton ɗayar ce ta juya baya.

A nan ba wanda ya san sunanta wushirya. Watan farko da na zo, wata abokiyar aiki ta tambaye ni cikin tausayi ko faɗuwa na yi ina ƙarama. Likitan haƙori ya kira ta matsala, ya ce ana gyarawa. A gida in na yi dariya sai a ce ga 'yar Malama Milka. A nan in na yi sai in ga ido ya sauka kan bakina. Na gaji da zama abin kallo, Mama, ina so ko a wuri ɗaya in yi kama da kowa. Da na yarda tawa aibi ce, sai na ɗauka taki ma haka, na kira Kaduna na ce a rufe. Ban tambaye ki ba.

Na kwana biyu ina tunanin na ɓatar da awon duka biyu. Sai jiya ina kunna kyandir ɗin zagayowar haihuwar tsohuwar nan da nake kula da ita, ashana a hannuna, abin ya faɗo mini.

Lokacin ina aji ɗaya ko biyu ne. In kin dawo daga makaranta kikan kwanta a tabarma ƙarƙashin mangwaro, barci ya ɗauke ki baki a ɗan buɗe. Wata rana na ɗauko ashana daga kicin na zo na gwada. Kan ashanar ya shige wushiryarki daidai, yana taɓa nan yana taɓa nan. Na gwada guda biyu suka ƙi. Na ɗaga kai sai ga Baba tsaye da fartanya a kafaɗa. Na zaci duka zan sha. Sai ya toshe bakinsa don kada dariya ta tashe ki, ya yi mini alama in gudu. Daga baya in kina mana faɗa yakan kalle ni ya ce, "Faustina, ina ashana?" ke kuma ki yi ta mamakin abin da ke ba mu dariya.

Kan ashana ɗaya ne, Mama, irin ta kwalin nan da ake sayarwa a shagon bakin coci. Ki kai mata.

Ɗiyarki, Faustina

Kagoro, watan Disamba

Ɗiyata Faustina,

Gaisuwa cikin sunan Yesu, da barka da Kirsimeti mai zuwa. Ina lafiya, gwiwa ma ta yi mini ladabi tun da ruwa ya ɗauke.

Ashe haka kuka yi mini, ke da babanki. Shekara da shekaru ina zaton ashanar kicin kuke nema, har nakan tashi in miƙo muku. Da yana nan da ya gane kurensa.

Na sayi kwali guda na kai Jos. Likita Kubra ta auna kan ashanar da abin awonta da gaske, ba ta yi dariya ba sai da ta gama. Ranar da ta ɗaura sababbin ta miƙo mini madubi da tsinke ɗaya, na gwada. Ya shige yana taɓa nan yana taɓa nan. Matar cikin madubin na san ta.

Ba komai ne ya dawo ba. Dasashin hagu bai sauko yadda yake da ba, in na yi dariya sosai ana ganin ɗan duhu a sama. Ƙashin da ya tafi ya tafi, ta ce aikinmu yanzu mu riƙe wanda ya rage. Ta ba ni ɗan buroshi kamar gashin kaza, safe da yamma ina bi ta tagar da shi, kuma zan riƙa komawa tana dubawa.

Sujadar kin gani ta wayar Dickson, ko da yake rabin abin da ya nuna miki silin ɗin coci ne. Abin da ba ki gani ba, da na fito gaba da zanin Zumunta sai na tsaya a tsakiyar mata. Hellen ta matso kusa da ni har kafaɗarmu na gogar juna, ba ta ja baya ba. Na ba da waƙar babanki har ƙarshe. Da aka gama ban zauna ba, na ce wa mata akwai sauran ɗaya, na ɗauko wadda na fara a Fadan Kaje na kasa. 'Yar Patricia tana wurin, ita ta fara amsawa.

Baƙi sun watse jiya. Keziya ta koma Sabon Tasha da safe. Na wanke tukwane, na mayar da kujerun coci, gidan ya koma yadda yake. Yau ma tuwon mutum biyu na tuƙa.

Hotonki na daɗe ina kallonsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji zafi, don a bakinki nake ganin kaina. Amma ni ban zauna inda kike zaune ba, ban san nauyin idon baƙi ba. Haƙoranki sun yi kyau a haka ma. Ki daina tsuke baki, da ƙarfen da komai.

Ranar Lahadi bayan sujada zan zauna ƙarƙashin mangwaro inda waya ta fi kamawa. Ki kira da bidiyo, ki riƙe wayar kusa. Kuma duk ranar da kika yi kewar wushiryarki a can, ba sai Lahadi ba, ki kira ni in yi miki dariya.

Mamanki, Milka Azariya